Ubangiji Ɗaya Ko Dubbai? Yadda 'Yan Hindu Ke Kallon Ababen Bautarsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun ina yaro nake kallon fina-finan Indiya, kuma kullum sai in ga sabon abin bauta: wannan da kan giwa, wancan shuɗi yana busa sarewa, waccan da hannuwa takwas a kan zaki. Amma wani ɗan Indiya da muke aiki tare ya ce mini su ma Ubangiji ɗaya suka sani, sunaye da siffofi ne kawai suka yi yawa, har ya kawo mini misali da sunayen Allah 99. Gaskiya ne, ko dai yana gyara zance ne don ya san ni Musulmi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutumin nan bai yaudare ka ba, abin da akasarin 'yan Hindu za su faɗa maka ke nan. A shekarar 2021 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa mutane kusan 30,000 a faɗin Indiya. Cikin 'yan Hindu, kashi 61 cikin 100 sun ce Ubangiji ɗaya ne mai bayyana ta fuskoki da yawa, kashi 29 suka ce ɗaya ne kawai, kashi 7 kacal ne suka ce alloli suna da yawa. Ka ga ke nan ba don ganin idonka ya tsara maganar ba. Inda zan ja da shi wuri biyu ne. Misalin sunaye 99 ɗin nan bai zauna daidai ba. Sannan in ka tara 'yan Hindu goma da duk suka yarda cewa ɗaya ne, ka tambaye su wane ne ɗayan, a nan taron zai watse.

Maganar ɗaya mai sunaye da yawa ta daɗe ƙwarai. Rigveda, mafi tsufa cikin littattafansu, waƙoƙi ne 1,028 da aka yi ta haddacewa baki da baki fiye da shekara 3,000. A cikinsa akwai baitin da duk mai wa'azin Hindu ya riƙe: ana ce masa Indra, ana ce masa Mitra, Varuna, Agni, alhali abin da yake tabbatacce ɗaya ne, masana ne ke kiransa da sunaye daban-daban. Bayan wasu ƙarnuka, littafin Brihadaranyaka Upanishad ya kawo wata muhawara a fadar Sarki Janaka, inda wani malami mai suna Shakalya ya tsare Yajnavalkya da irin tambayarka. Alloli nawa ne? Ya ce 3,306. To, amma tsakani da gaskiya nawa ne? Ya ce 33. Aka sake matsa masa, ya ce shida, sannan uku, sannan biyu, sannan ɗaya da rabi, daga ƙarshe ya ce ɗaya. Shi kuwa adadin miliyan 330 da ake yawan ambatawa zancen baki ne, ba wanda ya taɓa zama ya lissafa su, abin nufi dai ba sa ƙirguwa.

Wani abin lura shi ne manyan alloli na zamanin Rigveda sun ja baya. Da wuya yau ka ga haikalin Indra ko Varuna. Vishnu 'yan waƙoƙi kaɗan ya samu a littafin, Shiva kuma da sunan Rudra ya fito, mai ban tsoro da ake roƙo ya kau da kai. Waɗanda kake gani a fim, su Krishna mai sarewa, Rama, Ganesha mai kan giwa, Durga mai hawan zaki da Hanuman mai siffar biri, sun yi ƙarfi ne daga baya ta hanyar manyan littattafan labari, Mahabharata da Ramayana, da kuma tarin littattafan da ake kira Purana.

Yanzu ga inda aka rabu. Shankara, wani malami ɗan Kerala da ya rayu wajen ƙarni na 8, ya koyar da cewa gaskiyar ƙarshe ita ce Brahman, wadda ba ta da siffa, ba ta da suna, ba a iya cewa komai a kanta sai dai “ba wannan ba ne, ba wancan ba ne”. A wurinsa Vishnu da Shiva da sauransu matakala ce ga wanda hankalinsa ke buƙatar abin kamawa, kuma in aka kai ƙarshe har shi mai bautar ba wani abu ba ne daban da Brahman ɗin. Masu bin wannan hanya kan jera biyar a wurin ibadarsu, Vishnu, Shiva, Devi (babbar allahiya mace), Surya (allahn rana) da Ganesha, su sa wanda suka fi so a tsakiya. Wannan ce fassarar da ta fi shiga littattafan makaranta da bakin 'yan boko, kuma ina kyautata zaton ita abokin aikinka ya ba ka.

Ramanuja, wanda ya zauna a Srirangam da ke ƙasar Tamil a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya ƙi wannan ƙememe. Ya ce Maɗaukaki ba wani abu ba ne marar fuska, shi ne Narayana, wato Vishnu, mai jinƙai da kyau da iko na haƙiƙa, rayuka da duniya kuma tamkar jikinsa ne. Madhva na Udupi, a ƙarni na 13, ya ma fi shi tsanani: Vishnu daban, bawa daban har abada, sauran alloli kuwa masu yi masa hidima ne, darajarsu hawa-hawa. Mabiyan Chaitanya na Bengal, waɗanda 'yan ƙungiyar Hare Krishna suka fito daga cikinsu, sun ce Krishna ne tushe, Vishnu ma daga gare shi yake. Je ka wurin mabiyan Shiva ka ji an juya tsanin gaba ɗaya, ka je wurin masu bautar Devi su ce maka duk mazan nan ba sa iya motsi sai da ƙarfinta.

Kowane ɓangare da labarin da yake kafa hujja da shi. Mutanen Shiva suna ba da labarin ranar da Brahma (allahn halitta, ba Brahman ɗin Shankara ba) da Vishnu ke gardamar wane ne babba, sai ga wani ginshiƙin wuta ya tsaga tsakaninsu. Brahma ya zama tsuntsu ya yi sama neman ƙarshensa, Vishnu ya zama aladen daji ya yi ta haƙa ƙasa, ba wanda ya kai. Vishnu ya amsa gazawarsa, Brahma kuwa ya yi ƙaryar ya gano, shi ya sa aka tsine masa cewa ba za a riƙa bauta masa ba. Mutanen Vishnu kuma suna zana shi kwance a kan maciji, furen bado ya tsiro daga cibiyarsa, Brahma na zaune a ciki, wato shi ma haifaffe ne. A littafin Devi Mahatmya, wani aljani mai siffar ɓauna ya fatattaki alloli maza duka, sai da ƙarfinsu ya haɗu ya zama Durga, kowa ya miƙa mata makaminsa, ita ta kashe shi. Hannuwan nan da yawa da ka gani, na riƙe makaman ne. Saboda haka jerin nan da ake koyarwa, wai Brahma mai halitta, Vishnu mai kiyayewa, Shiva mai rushewa, kada ka ɗora masa nauyi da yawa. Yana cikin littattafai, amma ba haka ake ibada ba. Brahma haikalinsa 'yan ƙalilan ne, sanannen cikinsu shi ne na Pushkar a Rajasthan, kuma mai bautar Shiva ba ya ɗaukar ubangijinsa a matsayin mai sulusin aiki.

Sai batun sunaye. A nan akwai hawa biyu da abokin naka ya cakuɗa. Na farko shi ne sunaye masu yawa na abin bauta guda. Vishnu yana da jerin suna 1,000 da ke cikin Mahabharata, inda tsoho Bhishma, yana kwance a kan kibau yana jiran mutuwa, ya karanta wa Yudhishthira su. Shiva da Devi su ma suna da nasu dubun, akwai kuma gajerun jeri na 108, adadin 'ya'yan carbinsu. Wasu sunayen siffa ce, kamar marar farko ko mai gani duka. Amma da yawansu sun fi kama da kirari, irin wanda maroƙi ke yi wa basarake, kowane ɗaya yana tuno wani abin da ya faru. Ana ce wa Krishna Damodara saboda ranar da uwar goyonsa Yashoda ta ɗaure shi da igiya a ciki ta haɗa da turmi don ya addabe ta da satar man shanu. Ana ce masa Giridhari saboda ya ɗaga dutsen Govardhana da ɗan yatsa ya yi wa makiyaya laima daga ruwan da Indra ya sako. Shiva kuwa Nilakantha ne, mai shuɗin maƙogwaro, domin ya shanye dafin da ya fito lokacin da aka kaɗa teku. A cikin sunayen Vishnu ɗin nan dubu har da “Shiva” da “Rudra”. Mabiyan Shankara suka ce ga shaida nan, su biyun ɗaya ne. Mabiyan Vishnu suka ce a'a, shaida ce dai cewa kowane suna mai daraja nasa ne tun asali.

Ga yadda ake aiki da sunayen a haikalin kudancin Indiya. Mutum zai yanki ɗan tikiti a bakin ƙofa, ya riƙo faranti da kwakwa da ayaba da furanni. Mai hidimar haikali ya tambaye shi sunansa, da tauraron haihuwarsa, da zuriyarsa, sannan ya shige ɗan ɗakin ciki mai duhu inda ba kowa ke shiga ba. Daga waje kana jin sa yana zuba sunaye 108 da sauri, kowane ya fara da “Om” ya ƙare da “namaha”, kowane suna kuma da fure ɗaya ko ɗan jan gari da ake jefawa a ƙafafun gunkin. Ya fasa kwakwar, ya kunna kafur ya zagaya da wutar gaban fuskar gunkin, a lokacin ne jama'a ke miƙa wuya don su ga idonsa, shi ma a ganinsu ya gan su. Wannan haɗa ido suke kira darshan, kuma shi ne abin da ya kawo su. Sai a fito da wutar, kowa ya shafa tafinsa a kanta ya kai ido, a mayar masa da rabin kwakwarsa da ɗan toka in haikalin Shiva ne.

Da a hawa na farko aka tsaya, da misalin abokinka ya ɗan yi kusa. To amma akwai hawa na biyu. Sunayen Allah kyawawa a Musulunci siffofi ne na Zati guda, wanda bai haifa ba, ba a haife Shi ba, kuma babu abin da ya yi kama da Shi. A can kuwa Shiva mijin Parvati ne, uban Ganesha da Kartikeya, yana da mazauni a dutsen Kailasa, yana da bijimin hawa. Vishnu mijin Lakshmi ne. Suna ziyartar juna, suna saɓawa, suna neman taimakon juna. Ɗan Hindu zai ce duk wannan wasa ne da Ɗaya yake yi da kansa, kuma da gaske yake faɗa. Amma wannan ɗayantakar ba ita ce tauhidin da ka karanta a Islamiyya ba, kuma ban ga amfanin a lanƙwasa ɗaya don ya shiga rigar ɗaya ba.

Ta ina siffofin suka yawaita haka? Hanya ta farko ita ce avatara, wato saukowa. A littafin Bhagavad Gita, wanda yanki ne na Mahabharata, Krishna ya ce duk lokacin da gaskiya ta yi rauni, ɓarna ta yi ƙarfi, yakan zo da kansa zamani bayan zamani. Sanannen lissafi goma ne: kifi, kunkuru, aladen daji, rabi mutum rabi zaki, wada, Parashurama mai gatari, Rama, Krishna, Buddha, da Kalki da ake jira a ƙarshen zamani. Wasu yankuna suna cire Buddha su sa Balarama, littafin Bhagavata Purana kuma ya jera fiye da ashirin sannan ya ce ba su da iyaka.

Hanya ta biyu ta fi ba ni sha'awa, domin ita ce ke nuna yadda addinin ya bazu ba tare da ya kori abin da ya tarar ba. Abin bautar wani gari ko wata ƙabila ba a rushe shi, sai a ce ai wannan Vishnu ne, ko Shiva, ko Devi, da sunan da mutanen nan suka san shi. Dubi Jagannath na garin Puri a jihar Odisha. Gungumen itacen darbejiya ne, da manyan idanu zagayayyu, hannuwa guntaye, ba ƙafafu, bai yi kama da kyakkyawan saurayin nan mai sarewa ba ko kaɗan, amma Krishna ake ɗaukarsa. Masana tarihi da yawa suna ganin asalinsa na ƙabilun dajin yankin ne, kuma har yau akwai wasu masu hidima da ake dangantawa da waɗannan ƙabilu, su ke kula da shi a wasu lokuta na shekara. Bayan wasu shekaru akan sassaƙa sabo, a ciro wani ɓoyayyen abu daga ƙirjin tsohon cikin dare a sa wa sabon, a binne tsohon kamar mamaci. An yi haka a 1996, aka sake a 2015. A Pandharpur ta Maharashtra kuma Vithoba ake ce masa, baƙi, tsaye a kan tubali, hannuwa a ƙugu. Labarin ya ce ya zo ziyartar wani bawansa mai suna Pundalik, ya tarar yana yi wa iyayensa hidima, sai Pundalik ya jefa masa tubali ya ce ya tsaya a kai ya jira, shi ne yake tsaye har yau. Dubun dubatar manoma ke takawa da ƙafa na makonni kowace damina don su gan shi. A Tirupati sunan Vishnu Venkateswara. A ɓangaren Devi abin ya ma fi yawa: Meenakshi a Madurai, Kamakhya a Assam, Kali a Kolkata, sai alloli mata na ƙauye irin su Mariamman da Shitala da ake roƙo kan cutar agana da zazzaɓi. Ƙofar kuma ba ta rufe ba. Santoshi Ma, wadda ake cewa 'yar Ganesha ce, ba a san ta sosai ba sai da wani fim na 1975 ya yaɗa ta, mata suka kama yi mata azumin Juma'a suna ƙaurace wa abu mai tsami.

Shi mai ibada duk wannan yawan bai dame shi ba, don ba duka yake bi ba. Yana da na zuriyarsu, wanda ake zuwa gaishewa in an yi aure ko haihuwa. Akwai na garinsu. Sannan akwai wanda zuciyarsa ta zaɓa, ishta-devata, shi ne nasa na kansa. Ganesha ake fara kira in za a buɗe shago, Lakshmi mai arziki a lokacin bikin fitilu na Diwali, Saraswati mai ilmi in jarrabawa ta matso. A gida ɗaya sai ka ga kantar ibada a lungun kicin, uwa ta sa Krishna yana rarrafe da curin man shanu, uba ya sa Shiva, ɗa mai zuwa wurin motsa jiki ya liƙa Hanuman, fitila ɗaya ke haska su duka. A binciken nan na Pew, Shiva ne aka fi cewa ana jin kusanci da shi, kashi 44, sai Hanuman 35, sai Ganesha 32. Hanuman, wanda bawan Rama ne a labari, ya zarce ubangidansa nesa ba kusa ba.

Dalilin zaɓin shi ne abin da suke kira bhakti, ibadar ƙauna, wadda ta bunƙasa a ƙasar Tamil tsakanin ƙarni na 6 da na 9 ta bakin mawaƙan Vishnu 12 da bayin Shiva 63, sannan ta mamaye arewa. Malamanta suka ce ba a ƙaunar abin da ba shi da fuska, kuma siffar da ka zaɓa ita ke yanke irin dangantakarku. Wani bawa ne gaban ubangida, kamar Hanuman. Wani aboki, kamar Arjuna, mayaƙin da Krishna ke magana da shi a Gita. Wata uwa ce mai lallashin jariri, har ta yi masa faɗa. Wata kuma masoyiya, kamar Mirabai ta ƙarni na 16 da ta ɗauki Krishna mijinta na gaskiya. Gita ma ta nuna haka: Arjuna ya roƙi ganin ainihin siffar Krishna, da ya ga bakuna da idanu ba iyaka suna haɗiye mayaƙa, sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya roƙa a koma masa siffar da ya saba. Ana kuma ba da labarin Tulsidas, mawaƙin Rama, wai an kai shi haikalin Krishna ya ce kansa ba zai sunkuya ba sai an ajiye sarewa an ɗauki kwari da baka. Mutumin da ya yarda duk ɗaya ne ke nan. Ko a Gita, inda Krishna ya ce masu bautar wasu alloli da imani shi suke bautawa, ya ƙara da cewa ba bisa ƙa'ida suke yi ba, ladansu kuma mai ƙarewa ne. Ana karɓar kowa, amma akwai na sama da na ƙasa.

Game da gunkin kansa, za ka ji ana cewa alama ce kawai ta tattara hankali. Al-Biruni, malamin Musulmi da ya koyi Sanskrit, harshen littattafansu, ya kammala littafinsa kan Indiya wajen 1030, kusan haka ya rubuta: masu ilminsu sun yarda Ubangiji ɗaya ne, marar farko marar ƙarshe, gumaka kuwa na talakawa ne da ba sa kama abin da ido bai gani ba. A nan ina ganin ya rage wa zancen tsawo. Manyan malaman mazhabar Ramanuja, waɗanda ba wanda zai kira jahilai, sun ce gunkin da aka yi wa bikin sanya rai saukowa ce ta gaske, Ubangiji ya ƙasƙantar da kansa ya zauna a dutse don bawa ya iya kaiwa gare shi. Shi ya sa ake tashinsa da asuba, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a ba shi abinci, a ja labule ya yi barci. A gefe guda kuma, a bikin Ganesha na Mumbai ana gayyatarsa cikin gunkin yumɓu, bayan kwana goma a sallame shi, a kai gunkin teku a nutsar.

Akwai kuma waɗanda suka yi wa abin tawaye daga cikin gida. Basava na Karnataka, a ƙarni na 12, ya raina gina haikali, mabiyansa Lingayat sai ɗan ƙaramin dutsen Shiva suke ratayawa a jiki. Kabir, masaƙin Banaras na ƙarni na 15 da ya tashi a gidan Musulmi, yana kiran sunan Ram amma ya ce ba Rama ɗan sarkin Ayodhya na littafin Ramayana yake nufi ba, ya kuma yi wa masu bautar dutse ba'a son ransa. Dayananda Saraswati, ɗan Gujarat, ya ba da labarin cewa yana yaro ya kwana a haikali daren bikin Shiva, ya ga ɓera na hawa gunkin yana cin abin da aka ajiye, daga nan zuciyarsa ta juya. A 1875 ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a Bombay. Mabiyanta ba su yarda da gunki ba, ba su yarda da avatara ba, ibadarsu karatun Veda ne, wato tsoffin littattafai irin su Rigveda, a gaban wuta, kuma a cikin 'yan Hindu ake lissafa su har yau.